Yadda ƙashi ke kama ƙarfen da likita ya dasa

  

Tambaya ce ta haifi hirarmu ta yau. Wani ɗalibina ne ya yi mini ita, wurin karatun dare. Magidanci ne, ɗan kabu-kabu. Bara mota ta buge shi, cinyarsa ta karye. A asibiti aka yi masa aiki, aka zura masa dogon ƙarfe cikin ƙashi. Yanzu yana tafiya da ƙafarsa. Ga abin da ya ce mini:

"Malam, likita ya ce ƙarfen da ke cinyata ana iya cire shi in ƙashi ya warke. Amma akwai ɗiyar maƙwabcina, mai amosanin jini. An canza mata kan ƙashin kwatangwalo da ƙarfe. Ita an ce nata ya zama jiki, ba a cire shi. To, ba duka ƙarfe ba ne? Me ya raba su?"

Tambaya ce mai kyau. Babban abin da ya raba su shi ne fuskar ƙarfen, wato bayansa da ke taɓa ƙashi. Wani ƙarfe an yi shi da santsi. Wani an yi shi da kaushi. Ƙashi yana kama mai kaushi, yana riƙe shi tamau. Mai santsi kuwa ba ya riƙe shi haka. Yau za mu ga dalili. Za mu ga kuma abin da ya wajaba ga wanda aka sa wa ƙarfe, don aikin likita kada ya ɓaci.

Ƙashi yana da rai

Mu fara da ƙashi kansa. Mun saba ganin ƙashi a kasuwa wurin mahauta, ko a bola, ya bushe ƙayau. Sai mu ɗauka ƙashi kamar dutse ne. Ba haka ba ne. Ƙashin da ke jikinka yana da rai. Jini yana ratsa shi. Yana da ɓargo a ciki. Yana jin ciwo. In ya karye yana haɗewa.

Babban mutum yana da ƙasusuwa 206. Cikin kowane ƙashi akwai ƙananan ƙwayoyin halitta. Ido ba ya ganinsu, sai da madubin likita mai girmama abu. Iri biyu daga cikinsu su ne ma'aikatan ƙashi. Na farko mu kira su magina. Su ke shimfiɗa sabon ƙashi. Na biyu mu kira su masu rushewa. Su ke cinye tsohon ƙashi, su share wuri. Dare da rana suna aiki, waɗannan na rushewa, waɗancan na ginawa. Cikin shekara 10 ko kusa da haka, sun sabunta kusan dukan ƙashin babban mutum.

Ku riƙe wannan da kyau. Maginan nan su ne masu kama ƙarfe. Likita yana dasa ƙarfe ne kawai. Maginan jikinka su ke ƙarasa aikin.

Abin da mai yaɓe ya sani

Ku tuna da mai yaɓen ɗaki. In ya zo yaɓe bango da siminti, yakan duba bangon tukuna. In ya tarar bangon sumul ne, ba ya fara yaɓe. Sai ya ɗauki guduma ya sassare shi. Ko ya watsa masa ruwan siminti da yashi, ya bari ya bushe da kaushi. Sa'an nan ya yaɓa. Me ya sa? Domin yaɓe ba ya zama a kan santsi. In an yi shi haka, bayan damina ɗaya sai ya ɓamɓaro.

Ku tuna kuma da yaɗon duma. Yana hawa danga, yana hawa zana, domin yana samun abin kamawa. Ku jingina masa kwanon rufi. Zai zame ya faɗo.

Maginan ƙashi ma haka suke. Suna bukatar abin kamawa. Bambancin kawai shi ne su ƙanana ne ƙwarai. Kaushin da ke yi musu amfani, yatsanka da ƙyar zai ji shi.

Labarin zomo da ƙarfe

Da can likitoci ba su yarda ƙashi zai manne da ƙarfe ba. Abin da suka saba gani shi ne wannan: in an sa ƙarfe cikin jiki, sai jiki ya naɗe shi da wani tantani mai tauri, irin naman tabo. Tantanin nan yana shiga tsakanin ƙarfe da ƙashi. Ƙarfen yana ciki, amma ƙashi bai taɓa shi ba. A kwana a tashi sai ya fara girgiɗi.

Cikin shekarun 1950, a ƙasar Suwidin, akwai wani likita mai bincike, sunansa Branemark. Yana son ya ga yadda jini ke gudana cikin ƙashi. Sai ya dasa wani ɗan ƙaramin madubi a ƙashin ƙafar zomo. Gidan madubin an ƙera shi da wani ƙarfe mai suna titaniyom. Da ya gama bincike, ya zo cire kayansa. Abu ya ƙi fita. Ƙashin zomo ya manne da ƙarfen, ba tantani a tsakani.

Branemark bai bar maganar nan ta wuce ba. Ya yi shekaru yana gwaji. A 1965, a birnin Gotenbag, ya yi wa mutum na farko aiki. Mutumin ba shi da haƙora a muƙamuƙin ƙasa. Aka dasa masa ƙusoshin titaniyom guda 4 cikin ƙashin muƙamuƙi. A kansu aka ɗora haƙoran roba. Mutumin ya rayu har 2006. Shekara 40 ke nan da ɗoriya, ƙusoshin suna nan daram. Branemark kansa ya rasu a 2014.

Mene ne titaniyom? Ƙarfe ne mai ƙarfi, mara nauyi. Nauyinsa ya ɗara rabin na baƙin ƙarfe kaɗan. Ana samun sa daga wani baƙin yashi da ake haƙa a ƙasashe da dama, har da Saliyo da Senegal da Afirka ta Kudu. Da iska ta taɓa shi, nan take sai ya yi wata siririyar fata a bayansa. Fatar nan ke hana shi tsatsa. Ita ce kuma ke sa jiki ya karɓe shi ba faɗa.

Ƙusoshin Branemark na farko injin ne ya fere su. Ba su da kaushi sosai, sai ɗan layi-layi na bakin injin. Ƙashi yana kama su, amma a hankali. Dokarsa ita ce a jira wata 3 in muƙamuƙin ƙasa ne, wata 6 in na sama ne, kafin a ɗora haƙori. Wata 6 ba tauna, jira ne mai tsawo. Shi ya sa masana suka shiga neman hanyar da ƙashi zai kama da sauri. Cikin shekarun 1970, a birnin Bern na ƙasar Suwis, wani likitan haƙori mai suna Schroeder ya gwada titaniyom mai kaushi. Ya yanka ƙashi da ƙarfen tare, ya duba a madubi. Ya ga ƙashi ya kwanta kan ƙarfen kai tsaye, ya shiga cikin lungunansa.

Abin da ke faruwa bayan an dasa ƙarfe

Yanzu mu bi aikin daki-daki, tun daga ranar farko.

Likita ya huda ƙashi, ya sa ƙarfe. Abin da ya fara taɓa ƙarfen shi ne jini. Jinin yana cika ratar da ke tsakanin ƙarfe da ƙashi, sai ya daskare ya zama guda. Cikin gudan jinin nan akwai siraran zaruruwa, kamar saƙar gizo-gizo. Bakinsu ɗaya yana manne da ƙashi, ɗayan yana manne da ƙarfe. Zaruruwan nan su ne gadar da maginan ƙashi za su bi su kai ga ƙarfen.

Ga inda kaushi ke shigowa. Rauni in yana warkewa yakan tsuke. Gudan jinin nan ma yana tsukewa, yana jan zaruruwan. In fuskar ƙarfe santsi ce, zaruruwan sai su saki. Gada ta tsinke. Magina ba su iso ba. Sai dai ƙashi ya taso a hankali daga can gefensa, ko tantani ya riga shi cika wurin. In kuwa fuskar tana da kaushi, zaruruwan sun maƙale cikin ƴan ramuka. Gada tana nan. Magina su hau, su iso kan ƙarfen, su zauna.

Da sun zauna sai su fara gini a kan ƙarfen kansa. Suna fara shafa wani abu kamar danƙo, wanda ke shiga cikin ramuka ya ƙafe. A kansa suke jera zare mai tauri. A kan zaren suke zuba sinadarin da ke sa ƙashi ya yi ƙarfi. Ka ga gini ya taso daga gefe biyu ke nan: daga tsohon ƙashi, da kuma daga fuskar ƙarfe. Su haɗu a tsakiya. Shi ya sa aikin ke sauri.

Sabon ƙashin farko ba shi da ƙarfi sosai. Kamar bukkar da aka kafa da gaggawa yake. Cikin watannin da ke biye, masu rushewa suna cinye shi sannu-sannu, magina suna maye shi da ƙashi mai ƙwari.

Akwai wani abu da ya kamata ku sani a nan. Ranar aiki, ƙarfen yana tsaye ne domin likita ya matse shi cikin ƙashi, kamar ƙota cikin gatari. Bayan ƴan kwanaki, masu rushewa suna cinye ƙashin da huji ya lalata. Matsin farko yana raguwa. Sabon ƙashi kuwa bai gama ƙwari ba. Ga ƙusar haƙori, wajen mako na 3 zuwa na 4 shi ne lokacin da ta fi rauni. Sau da yawa kuma lokacin ne ciwo ya lafa, mutum ya ga kamar ya warke. Ku lura da wannan tarko.

Gwajin 1991

Wani zai ce: Malam, wa ya auna wannan? An auna.

A 1991, wani likita na birnin Bern mai suna Buser, shi da abokan aikinsa, sun yi gwaji. Sun ƙera ƴan guntayen titaniyom, kamanninsu ɗaya, girmansu ɗaya. Fuskarsu ce kawai ta bambanta. Suka dasa su a ƙashin ƙafar wasu ƙananan aladu. Bayan mako 3 da mako 6, suka duba a madubi. Suka auna inda ƙashi ya taɓa ƙarfe.

Mu ɗauka an raba fuskar ƙarfen gida 100. Ga abin da suka samu:

Wanda aka goge sumul, ƙashi ya kama gida 20 zuwa 25.

Wanda aka fesa wa manyan ƙwayoyin yashi, ƙashi ya kama gida 30 zuwa 40.

Wanda aka fesa wa yashi, aka kuma jiƙa shi cikin ruwan asid mai ƙarfi, ƙashi ya kama gida 50 zuwa 60.

Wanda aka shafe da sinadarin ƙashi, ƙashi ya kama gida 60 zuwa 70. Amma an ga shafen yana zaizayewa.

Ku duba lissafin da kanku. Ƙarfe ɗaya, dabba iri ɗaya, kwanaki ɗaya. Daga 25 zuwa 60, ya wuce ninki biyu. Fuska ce kawai aka canza. Bayan wannan gwaji da wasu irinsa, masu ƙera ƙusoshin haƙori suka koma yin masu kaushi. Jiran wata 3 zuwa 6 ya sauko zuwa mako 6 ko 8 ga mai lafiyar ƙashi. Yau, cikin ƙusoshin haƙori 10 da aka dasa, fiye da 9 suna nan suna aiki bayan shekara 10.

Kaushi nawa ne daidai?

Kada ku ɗauka kome yawan kaushi alheri ne. Gishiri ma yana da ma'auni a miya.

Don mu gane ma'aunin, sai mu koyi kalma ɗaya: mikoron. Ku duba abin awo na tela ko na kafinta. Santimita ɗaya an raba ta gida 10. Kowane gida shi ne milimita. To, a raba milimita ɗaya gida 1000. Kowane gida shi ne mikoron. Gashin kai guda ɗaya, kaurinsa mikoron 50 zuwa 100 ne.

A 2004, masana biyu na Suwidin, Albrektsson da Wennerberg, sun raba fuskar ƙusoshin haƙori aji 4. Ƙasa da rabin mikoron, santsi ne. Daga rabi zuwa 1, ɗan kaushi ne. Daga 1 zuwa 2, matsakaicin kaushi ne. Sama da 2, kaushi ne mai yawa. Suka nuna cewa ƙashi ya fi son na tsakiya, wato mikoron 1 zuwa 2.

Ku auna ƙanƙantar abin. Tudu da kwarin da ke kan ƙusar, sai an tara su 50 kafin su kai kaurin gashi ɗaya. Ido ba ya ganin su. Abin da ido ke gani kawai shi ne ƙarfen ba ya ƙyalli, ya yi toka-toka. Amma maginin ƙashi yana jin su. Da ya zauna kan irin wannan fuska, sai ya kafa ƙafafunsa cikin ramuka, ya himmatu ga gini.

Yaya ake yi wa ƙarfe wannan kaushi? Hanyoyi suna da yawa. Ana fesa masa yashi mai tauri da iska mai ƙarfi. Wannan ke yin manyan ramuka. Ana jiƙa shi cikin asid, wanda ke cin ƴan mitsi-mitsin ramuka cikin manyan. Ana bi da shi da wutar lantarki cikin wani ruwa, fatarsa ta yi kauri ta yi ƙofofi. Ana kuma narkar da garin titaniyom, ko garin sinadarin ƙashi, a fesa masa.

Bayan an gama, dole a wanke shi tas. Ga dalili. A shekara 2000, a Amurka, wani kamfani ya janye ƙarafan kwatangwalo da ya ƙera. An gano ɗan man injin ya saura a fuskarsu. Man nan ya hana ƙashi kamawa. Dubban mutane sai da aka sake yi musu aiki. Mai yaɓe ma ya sani: bangon da ya sha mai ba ya riƙe siminti.

Ƙarfe mai ƙofofi

Mu koma ga ɗiyar maƙwabcin ɗalibina. Amosanin jini, wanda ake kira sikila, ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Ɗaya daga cikin ɓarnar da yake yi ita ce toshe hanyar jini zuwa kan ƙashin cinya, inda yake shiga kwatangwalo. In jini bai isa ba, kan ƙashin sai ya mutu, ya lotsa. Mutum yana matashi, tafiya ta gagare shi. Maganin ƙarshe shi ne a cire kan da ya mutu, a sa na ƙarfe.

Hanya biyu ake kafa irin wannan ƙarfe. Ta farko da wani siminti na likita ake yi. Wani likitan Ingila mai suna Charnley shi ya kafa wannan hanya, farkon shekarun 1960. Har yau ana amfani da ita, musamman ga tsofaffi masu ƙashi mara ƙarfi. Ta biyu ba siminti. Ana barin ƙashi ya kama ƙarfen da kansa. An fi yin ta ga matasa, masu ƙashi mai ƙwari.

Ƙarfen kwatangwalo yana ɗaukar nauyin mutum duka. Don haka ɗan kaushi bai ishe shi ba. Ana yi wa fuskarsa ƙofofi, kamar soso, ko kamar gidan gara. Ƙashi ba ya tsaya a bakin ƙofa. Yana kutsawa ciki, shi da jijiyoyin jininsa, ya saƙe cikin ƙarfen kamar saiwar itace cikin tsagar dutse. Ƙofofin ma suna da ma'auni. Waɗanda ƙashi ya fi shiga, faɗinsu mikoron 100 zuwa 400 ne. In sun cika ƙanƙanta, jijiyar jini ba ta samun hanya. Inda jini bai shiga ba, ƙashi ba ya rayuwa.

Akwai sharaɗi ɗaya babba. Dole ƙarfen ya tsaya cik yayin da ƙashi ke shiga. Bincike ya nuna cewa in ƙarfe yana motsi cikin ƙashi da kamar mikoron 150 ko fiye, ƙashi ba ya kamawa. Tantani ne ke fitowa a maimakonsa. Mikoron 150, kaurin gashi 2 ne ko 3. Ku ga ƙanƙantar motsin da ke iya ɓata aikin da aka kashe wa dukiya.

Inda santsi ya fi

To, in kaushi yana da wannan amfani, me ya sa ba a yi wa kowane ƙarfe? Dalili biyu ne.

Na farko shi ne amsar tambayar ɗalibina. Ƙarfen da ke cinyarsa ba a sa shi don ƙashi ya kama shi ba. An sa shi ne ya riƙe guntaye biyu a miƙe, har su haɗe da juna. Aikinsa kamar na karan da maɗori ke ɗaurawa ne, sai dai shi daga ciki yake. In ƙashi ya haɗe, aikin ƙarfen ya ƙare. Wani a bar masa shi, in ba ya damunsa. Wani a cire, musamman yaro mai girma. Irin wannan ƙarfe an fi so ya zama mai santsi. In ƙashi ya manne masa, ranar cirewa sai an sha wuya, har a iya fasa ƙashin. Ka ji bambancin: nasa baƙo ne, na yarinyar kuwa ɗan gida ne. An gyara fuskar kowane bisa ga aikinsa.

Dalili na biyu shi ne ƙwayoyin cuta. Ramukan da maginan ƙashi ke so, ƙwayoyin cuta ma suna son su. Ƙwayar cuta ɗaya girmanta kamar mikoron 1 ne. Ramin ya yi mata daidai. In ta shiga ta hayayyafa, sai su lulluɓe kansu da wani yauƙi. Ƙarƙashin yauƙin nan magani ba ya kai musu sosai. Ƙarfe kuma ba shi da jini da zai kare kansa. Shi ya sa masana ke cewa tsere ake yi tsakanin maginan jiki da ƙwayoyin cuta. Wanda ya riga isa fuskar ƙarfe, shi ke da wurin. In ƙwayoyin cuta suka riga, wuri ya yi mugunya, ƙashi ya zaizaye, sau da yawa sai an cire ƙarfen kafin a warke.

Don haka ƙusar haƙori fuska biyu gare ta. Gindin da ke cikin ƙashi yana da kaushi. Abin da ya ratsa dasashi ya fito cikin baki kuwa ana yin sa da santsi, don datti kada ya maƙale.

Abin da ya rage gare ku

Ƴan uwa, masu ƙera sun yi nasu. Likita ya yi nasa. Saura naku. In an sa muku ƙarfe, ko an sa wa wani naku, ga abubuwa 6 da za ku kiyaye.

Na 1. Kada ku taka ƙafar kafin likita ya ce ku taka. In ya ce ku yi amfani da sanduna mako kaza, ku cika shi. In kuma ya ce ku fara takawa, ku taka, domin nauyi daidai gwargwado yana ƙarfafa ƙashi. Shi ya san irin ƙarfen da ya sa. Rashin jin ciwo ba warkewa ba ne. Gona da kasuwa za su jira. Ƙafa ba a sayen ta.

Na 2. Ku tsabtace rauni yadda aka nuna muku. Kada a shafa masa toka, ko ƙasa, ko garin magani. Kada a yi tsaga ko ƙaho a kan wurin da ƙarfe yake. Kowace ƙofa aka buɗe a fata, hanya ce aka ba ƙwayoyin cuta.

Na 3. In wurin ya kumbura, ko ya yi zafi, ko yana fid da ruwa, ko zazzaɓi ya kama ku, ku koma asibiti a ranar. Kada ku jira ranar kasuwa.

Na 4. Ku bar taba. Taba tana tsuke jijiyoyin jini. In jini ya ragu, maginan ƙashi sun rasa abinci. Masu shan taba sun fi saura yawan samun ƙarfe da ya ƙi kamawa, da karayar da ta ƙi haɗewa.

Na 5. Mai ciwon suga ya gaya wa likita tun kafin aiki, ya kuma kiyaye maganinsa. Suga in ya hau, rauni yana jinkirin warkewa. Ku ci abinci mai gina jiki: nono, wake, gyaɗa, ƙwai, kifi, zogale, gwargwadon abin da Allah ya hore.

Na 6. Wanda aka dasa wa haƙori ya riƙa wanke baki safe da dare, da buroshi ko asuwaki, har gindin haƙorin. Haƙorin ƙarfe ba ya ruɓewa, amma ƙashin da ke riƙe da shi yana zaizayewa in datti ya taru.

Kalma ɗaya kuma a kan maɗora. Mun san su, mun san hidimar da suke yi wa jama'a. Amma karayar da ƙashi ya huda fata, da karayar cinya, da ta kwatangwalo, ta asibiti ce. Kada tsoron ƙarfe ya sa ku ɗauke majinyaci daga gadon asibiti cikin dare. Ƙarfen likita ba irin na fartanya ba ne. Ba ya tsatsa irin tasa. Wanda kuma aka riga aka sa wa ƙarfe, kada a kai shi a ja masa ƙafa ko a murɗa ta.

Ɗalibina ya ji wannan bayani a aji. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce: "Ashe ni ma magina gare ni a jiki, ban taɓa biyan su ladan aiki ba." Muka yi dariya. Na ce masa ladansu abu uku ne: hutu, da tsabta, da abinci.

Ga tambayoyi 3 da za ku tattauna a tsakaninku bayan kun karanta. Me ya sa ƙashi ya fi kama ƙarfe mai kaushi? Me ya sa ƙarfen da za a cire aka fi so ya zama mai santsi? Me zai faru in mutum ya taka ƙafa kafin lokacin da likita ya sa masa?

Nan za mu tsaya yau. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kiyaye mu da haɗarin hanya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.